Wata Goma Sha Takwas Kafin Anfasu

A watan Afrilu na 2018, ana tsakiyar bazara, na doki wata yarinya 'yar aji biyar har kunnenta ya yi jini. A wata makarantar ƙauye ce cikin ƙasar Zermu, gabas da Damagaram, inda nake koyarwa. Laifinta bai taka kara ya karya ba. Na ce kowa ya fito da kayensa, ita ba ta da shi, da na tambaye ta dalili sai ta yi murmushi. Yanzu na san murmushin tsoro ne, amma a ranar raini na gani. Yara sun haura saba'in a ɗaki ɗaya mai rufin kwano, rana kamar ta faɗo, wata ya yi nisa aljihu babu kome, na kwana biyu ban yi barcin kirki ba. Duk wannan gaskiya ne, kuma duk malamin da ke karanta wannan ya san irinsa. Sai dai ba rufin kwanon ne ya ɗaga hannuna ba.

Kwana uku ba ta zo lakwal ba. Ran na huɗu ubanta ya kawo ta da kansa, ya tuɓe takalmi a bakin aji, ya rusuna ya gaishe ni, ya ce, "Mushe, a yi haƙuri da ita. In ta sake a ƙara mata." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. ('Yan'uwanmu na Najeriya, kada kalmar ta ba ku mamaki: mushe a wajenmu malamin boko ake nufi, daga Faransanci muka aro. Amma ran nan ɗaya ma'anar ce ta fi dacewa da ni.)

Bayan mako biyu ciwon kai ya kai ni asibiti. Ma'aikacin jinya ya auna ni sau biyu, ya ce jinina ya hau. Ya rubuta mini magani, ya ce in rage gishiri da magi, in kuma rage tunani. Na farko da na biyu na san yadda ake yi. Na ukun ne ban ga inda ake sayar da shi ba.

Cikin wannan hali wani abokina ya turo mini bidiyo ta WhatsApp. Wani Ba'indiye ne zaune ya harɗe ƙafa, cikinsa yana shiga yana fita da sauri kamar zuga-zugin maƙeri, wata murya kuma tana bayani da Faransanci cewa wannan numfashi yana maganin hawan jini da fushi da rashin barci. Daga baya na gane su ma 'yan yoga sunan da suka ba irin wannan numfashi ke nan a harshensu, zuga-zugi. A daren, bayan lisha, na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na kwaikwayi mutumin. Ban san minti nawa na yi ba. Na fara jin kamar kiyashi na yawo a yatsuna, leɓɓana suka yi nauyi, hannuwana suka ƙanƙame na kasa buɗe su, sannan wani haske ya rufe mini ido. Farkawa na yi na ji mai ɗakina tana yayyafa mini ruwa tana kiran "Malam! Malam!", tana tofa mini duk addu'ar da ta zo bakinta. Ita a ganinta iska ce ta taɓa ni. To, iska ce kam, amma ba irin wadda take tsammani ba.

Abin da ban gaya mata ba, kuma sai yau nake faɗa a fili, shi ne abin ya yi mini daɗi. Cikin 'yan daƙiƙun nan kafin in faɗi, babu aji, babu bashi, babu kunnen yarinya. Na so in koma can.

Abin kuma ya tuna mini da wata ƙara da na sani tun ina yaro. Kakana na wajen uwa ɗan Ƙadiriyya ne, a unguwar Zango cikin Damagaram yake. Daren Juma'a yakan riƙe hannuna mu tafi zawiya. Bayan an gama wuridi a zaune sai manya su miƙe su yi da'ira, a fara hailala da murya, a hankali kalmomin su narke su koma cikin ƙirji, har ba ka jin kome sai shigar numfashi da fitarsa, mutum talatin ko arba'in a tare, kamar ana yanka katako da zarto. Wannan shi ne anfasu. Kalmar Larabci ce, jam'in numfashi, wato zikirin da ake yi da shaƙa da fitarwa maimakon harshe. Wanda ya taɓa zuwa Gidan Ƙadiriyya a Kano, ko ya ga maukibin da ake yi kowace shekara don tunawa da Shehu Abdulƙadir Jilani, ya ji shi tare da bandiri. Shehu Nasiru Kabara, wanda ya rasu a 1996, shi ya fi kowa yaɗa wannan salo a ƙasar Hausa, kuma yana da sanadin Sammaniyya, ɗariƙar da ake danganta wa Shehu Muhammadu Samman na Madina, wanda ya rasu a 1775. Tsakanin Damagaram da Kano kuwa hanya ba ta taɓa mutuwa ba. Almajiranmu da yawa can suka yi karatu suka dawo da abin da suka samo.

Sai na ce a raina: ashe abin da nake nema a wajen Ba'indiye muna da shi a gida, kuma namu da sunan Allah ake yi. Da aka ba da babban hutu a ƙarshen watan Yuni na hau mota zuwa Damagaram, na nemi wani dattijo muƙaddami da ya yi zamani da kakana. Ba zan faɗi sunansa ba, ba zai so ba. Na same shi a zaure, a kan buzu, yana gyara zaren tasbaha.

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, so nake a shigar da ni anfasu."

Ya ce, "Madalla. Jiya da dare me ka ci?"

Na faɗa masa: tuwo malmala biyu, da shayi bayansa har sha biyun dare. Ya tambaye ni ko asubar yau a jam'i na yi ta. Ya tambaye ni ko ana bina bashi. Ya tambayi rabona da zuwa gaishe da tsohuwata. Ya tambayi ko akwai wanda na zalunta ban nemi gafararsa ba. Tambaya biyar, kuma da jarrabawa ce da sifili zan samu. A ta ƙarshen ne na ba shi labarin yarinyar, da na bidiyon, da faɗuwata a tsakar gida. Bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya ce, "Ɗana, mai wannan kaya a ka ba ya shiga rawa. Sauke tukuna."

Abin da ya ba ni ko yaron makarantar allo ya san shi: istigfari ɗari, salatin Annabi ɗari, hailala ɗari, safe da yamma, da harshe, a zaune, ba gaggawa. Ya ce in rage cin dare zuwa rabi, in bar shayi daga magariba. In yi asuba a masallaci, in zauna a inda na yi salla har rana ta fito, ba waya, ba hira. In biya mai shagon da ke bina jaka goma sha biyu a kasuwar Dole tun bara. In riƙa shan maganin likita ba fashi, domin a faɗarsa shi ba ya ba da wuridin da zai maye gurbin ƙwaya. Sannan in je gidan yarinyar in roƙe ta gafara, ita kanta, ba ubanta ba. Game da numfashi kuwa abu ɗaya ya ce: kada in sake yin wasa da shi sai ya ce.

Na fito raina a ɓace. Ni da na yi Ekol Normal Askiya Muhammad, na shekara goma sha biyar da alli a hannu, a ce an maida ni ajin share fage? Na yi tsammanin wata ɗaya zai riƙe ni, ko biyu. Wata goma sha takwas ya riƙe ni. Duk ƙarshen wata in na shigo birni karɓar albashi sai in biya ta zaurensa, ya maimaita tambayoyin nan biyar, ya ce, "To, a ci gaba."

Cikin sharuɗɗan, biyan bashi ne mafi sauƙi, duk da ya ci mini wata uku. Zaman bayan asuba ya fi azumi wuya. Ban taɓa sanin kaina kasuwa ce ba sai da aka ce in zauna shiru na minti arba'in. Darakta ya shigo, ansifekta ya shigo, kuɗin taki, rigimar gado da ƙanen babana, wata magana da aka faɗa mini tun ina kolej. Ƙafa ta sage, baya ya riƙe, barci ya riƙa fizgata. Sai bayan wata huɗu ko biyar na lura cewa in na zauna numfashina da kansa yake lafawa, ba tare da na taɓa shi ba, kuma hailalar tana daidaita da shi: rabin kalmar a shaƙa, rabi a fitarwa. Da na gaya wa Malam, sai ya ce, "Ka ga, ba ni na koya maka ba. Bar shi, kada ka bi shi da gudu."

Zuwa gidan yarinyar kuwa sai da na ɗage shi sau uku. A ƙauye, malamin lakwal ya durƙusa wa 'yar shekara goma sha ɗaya, abin magana ne. Uwarta ta ruɗe ta shiga neman tabarma, uban yana ta cewa, "Haba Mushe, haba Mushe, wane irin abu ne wannan." Ita yarinyar ta ɓoye bayan rumbu. Da aka fito da ita na ce mata na yi mata ba daidai ba, ta yafe mini. Ta dubi ƙasa ta ce, "Ba kome." Na saya mata kaye biyu. Ba na ce wannan ya goge abin da ya faru ba. Har ta gama aji shida a ƙarshen layi take zama, nesa da hannuna.

Wani dare ina shirya darasin lissafi, abin ya faɗo mini a rai, na ji kunya. Abin da Malam yake yi mini shi ne abin da aka koya mana a Ekol Normal, kuma shi nake yi wa yara kullum. Ba na ba ɗan aji biyu rabawa mai dogon hannu don kawai ubansa yana gaggawa. A zauren ilimi ma haka ne: Ahalari, sannan Ishmawi, sannan Iziyya, sannan Risala, ba a taɓa jin wanda ya fara da Muhtasar ba. Mun yarda da wannan a karatu, mun yarda da shi a ƙira da saƙa da tuƙin mota. Amma da an zo kan abin da ya shafi zuciya da numfashi sai kowa ya ga zai iya farawa daga sama, tunda numfashi kowa yana yi.

Son sani irin na malami ya sa na koma na bincika su 'yan yogan, ko su haka kawai suke sakin abin ga kowa. Ashe mai bidiyon ne ya tsallake. A tsohon littafinsu da ake danganta wa wani malami Patanjali, matakai takwas ne, kuma sarrafa numfashi shi ne na huɗu. Na farko duk hani ne: barin cutar da wani, barin ƙarya, barin sata, kame sha'awa, barin tara abin duniya. Na biyu tsabta da wadatar zuci da horon kai da karatu. Na uku koyon zama. Sai mutum ya wuce waɗannan ake maganar numfashi. Na karanta wannan na yi dariya ni kaɗai, don kusan jerin tambayoyin Malam ne, shi da bai taɓa jin sunan Patanjali ba. Akwai kuma wata hanya tasu mai zurfi da ake kira Kriya, wadda ta yaɗu daga wani magidanci ma'aikacin ofis a birnin Banaras, Lahiri Mahasaya, wanda ya rasu a 1895. Wani jikan almajirancinsa, Yogananda, ya kai ta Amurka a 1920. Har yau ƙungiyar da ya bari ba ta ba mutum wannan numfashi sai ya yi watanni yana darussan share fage, ya kuma ɗauki alkawari. Su ma da izini ake shiga.

Kuma ba yau Musulmi suka fara sanin wannan ba. Kusan shekara dubu da suka wuce Albiruni ya fassara littafin Patanjali zuwa Larabci. Shehu Muhammadu ɗan Ali Sanusi, wanda ya rasu a 1859, ya rubuta littafin da ya tattara ɗariƙu arba'in da yadda kowace take zikiri, a ciki har ya ambaci 'yan yoga a ƙarƙashin wata ɗariƙa ta ƙasar Indiya. Sanusiyyar nan kuwa ta iso Damagaram tare da fataken Turabulus tun kafin Faransawa su ci garin a 1899. Naƙshabandawa su ma ɗaya daga cikin ƙa'idodinsu shi ne kada numfashi ya shiga ko ya fita cikin gafala. Kada a fahimce ni a karkace: ban ce yoga da zikiri abu ɗaya ba ne. Wanda ake ambata daban, abin da ake nufa daban, kuma ni na san inda goshina yake taɓa ƙasa. Abin da na ce shi ne huhun ɗan Adam ɗaya ne a Banaras da Zermu, kuma duk mutanen da suka daɗe suna aiki da shi sun kafa masa shinge iri ɗaya. Tun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni ta zama ranar yoga, aka fara bikinta a 2015, abin ya cika intanet. Numfashin ya iso wayoyinmu, shingen bai biyo shi ba.

A watan Disamba na 2019, wani daren Juma'a, na je gaishe shi kamar kullum, sai ya ce in yi alwala in biyo shi. Ba wani biki. Ya tsayar da ni a da'ira tsakanin wani tela da wani tsoho mai sayar da goro, ya ce musu, "Ku riƙe mini shi." Ya ce mini abu uku: in bi jagora kada in wuce shi, kada in riƙe numfashi saboda jinina, in na ji jiri in zauna, zama ba abin kunya ba ne.

Ba zan rubuta yadda ake yi dalla-dalla ba. In na yi haka na zama mai bidiyon. Amma zan faɗi abin da ban gani ba ina yaro. Ni a da ƙarar kawai nake ji. Da na shiga ciki sai na ga ashe duk abin a hannun jagora yake. Shi yake farawa a hankali, da kalma cikakkiya. Shi yake taƙaita ta zuwa sunan Allah, sannan zuwa harafin ƙarshe da ke fita daga ƙirji. Shi yake ɗaga gudun da tafi ko da motsin kafaɗa, kuma idonsa yana kan fuskokin mutane, ba a rufe ba. Kafin abin ya kai inda zai kwashe mutane sai ya sauke shi, a koma sannu, wani mai murya ya ja baiti, ƙirji ya huta. Sau uku ko huɗu ake hawa a sauka. A ƙarshe a zauna, a yi shiru, a karanta Alƙur'ani, a yi addu'a. Ni da na shekara goma sha shida ina riƙe aji, na ga riƙon aji da ya fi nawa.

A hawa na biyu kiyashin nan ya dawo yatsuna, hasken ya fara tasowa. Zuciyata ta ce: ga shi nan, ƙara kaɗan. Na fara wuce jagora. Tsohon mai goro ya matse mini hannu da ƙarfi, ya ja ni ƙasa, na zauna. Da aka tashi na bi Malam ina rawar jiki, na ce, "Allah ya gafarta Malam, na ga haske." Ya ce, "Iska ce ta yi maka yawa. Sha ruwa."

Abin takaici, ni nake koya wa 'yan aji shida darasin huhu. Na san babba yana numfashi sau goma sha biyu zuwa ashirin a minti. Na san in mutum ya yi ta shaƙa da fitarwa da sauri yana zubar da iskar kabon da ke cikin jininsa fiye da kima, jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa su tsuke, sai jiri, sai yatsu su yi tsami, hannu ya ƙanƙame, ido ya ga walƙiya, wani ya suma. Duk wanda ya yi hakan zai ji, mumini ko kafiri, da zikiri ko da ƙirga ɗaya-biyu. Na san wannan a kan allo, amma da ya zo jikina sai na sa masa suna buɗi. Malam bai san iskar kabon ba. Ya dai ga ɗaruruwan mutane sun ga wannan haske, ya kuma ga cewa washegari halinsu yana nan yadda yake. Bai taɓa ce mini babu abin da Allah yake buɗa wa bayinsa a zikiri ba. Cewa ya yi ba a gane shi da jiri, ana gane shi ne a gida da kasuwa, kuma matar mutum ta fi shi sanin ko ya samu.

Abokin aikina na aji huɗu ɗan Izala ne, tare muke cin abincin rana. Tun farko ya ce mini wannan da'ira bidi'a ce, ya kawo hujjojinsa, na kawo waɗanda na ji daga malamaina. Ba mu gama ba, ba na kuma tsammanin za mu gama a wannan shafi. Bango ɗaya ne tsakanin ajina da nasa. Wata rana ya ce, "Ni dai ban canja ra'ayi ba, amma na daina jin ihunka ta bango." Na ce masa wannan ba aikin da'irar ba ne, aikin zaman asuba ne da rage tuwo. Ya ce to wannan ai babu saɓani a kansa.

Halwa sai a damina ta 2021 ya yarda mini, kwana uku kacal, ba arba'in ɗin da ake ji a labarin manya ba. Wani ɗan ɗaki ne a bayan zaurensa, tabarma da buta da fitila. Azumi da rana, kunu da dabino in an sha ruwa, ba magana, ba fita sai salla da kewayawa. Kowace safiya ya leƙo ya ce, "Me ka gani?" In ce, "Ban ga kome ba, Malam." Ya ce, "Madalla." Daga baya ya gaya mini masu ganin abubuwa su ne suke hana shi barci. Rana ta farko sauro da yunwa. Ta biyu na yi shari'a da duk wanda ya taɓa ɓata mini rai, na ci kowa. Daren na uku ne, ina hailala a hankali, na tuna yadda babana yake numfashi in zai doke mu, gajere-gajere ta hanci, sai na gane da irin numfashin nan na tsaya a kan yarinyar. Na yi kuka, na yi masa addu'a, Allah ya jiƙansa. Iyakar abin da na samo ke nan daga halwa, kuma ban raina ba.

Abin da ya sa na zauna na rubuta wannan duka wani tsohon ɗalibina ne. Yaro mai kai, ya tafi kolej, ya faɗi birbe sau ɗaya. Bara ya samo wani ɗan littafi irin waɗanda ake shimfiɗawa a bakin masallatai, mai sunayen Allah da adadi: kaza dubu kaza a dare kaza, a riƙe numfashi a wuri kaza, buƙata za ta biya. Ya ƙara da wasu da aka turo masa ta waya. Babu wanda ya ba shi, babu wanda yake tambayarsa me ya ci. Ya yi kusan mako biyu yana kwana a zaune. Iyayen suna murna yaro ya kama ibada, ya bar zaman fada. Sai da ya fara magana shi kaɗai, ya ce ana kiransa daga gabas, ya fita tsakar dare ba takalmi, sannan hankalinsu ya tashi. Gari ya ɗauka wuridi ya taɓa shi. Ni abin da na gani shi ne ɗan shekara goma sha bakwai, cikin baƙin cikin faɗuwa, ba barci, ba abinci, yana wasa da numfashinsa shi kaɗai a ɗaki. Ko ƙato aka yi wa haka sai ya tangaɗa. Na roƙi uban mu kai shi asibiti a Damagaram, ba tare da an bar addu'a ba. Da na kai maganar wajen Malam, kafin in rufe baki ya ce a kai shi likita, a karɓe littafin, a ba shi fura ya yi barci. Yaron ya samu sauƙi, yana shan magani, bana ya koma karatu.

Iyaye, in ɗanku ya kama wani zikiri ko wani motsa numfashi da ya gani a waya, ba sai kun zama malamai za ku iya tambayarsa ba. Wa ya ba ka? Yana ina, mu je mu gaishe shi? Awa nawa ka yi barci jiya? Ka ci abinci? In mai bayarwar ba shi da zauren da za a same shi, ko ya yi alkawarin cin jarrabawa da kuɗi da farin jini cikin kwana bakwai, ku karɓe. Mai farfaɗiya, da mai ciwon zuciya, da mai ciki, da mai hawan jini irina, ba su da abin yi da numfashin sauri ko riƙe shi ba tare da sanin likita ba. Yaran da ke wanka a tafki in damina ta cika shi, a gaya musu kada su yi wannan numfashi kafin su nutse don su daɗe a ƙasa. A ruwa ake suma, ba mai yayyafa wa wani ruwa a can.

A aji ba na sa yara zikiri. Makarantar gwamnati ce, kuma ni ba muƙaddami ba ne. Abin da nake yi shi ne in an dawo daga hutun ƙarfe goma, kowa yana haki yana ture ɗan'uwansa, sai in ce a ajiye hannu a kan tebur, a rufe baki, a yi numfashi ta hanci a hankali har in ƙirga ashirin. Su suna ganin don su nake yi. Rabin abin don ni ne. Ba na zama waliyyi ba: a zangon da ya wuce na jefi wani yaro da alli, na kuma faɗa wa wani maganar da na kwana ina nadamarta. Jinina yana nan, ƙwaya ɗaya kowace safiya.

Hutun bana na koma zauren na roƙi halwar kwana bakwai. Malam ya tsufa sosai yanzu, sai an matso kusa yake ji. Ya maimaita tambayoyinsa biyar, na amsa huɗu ba tare da na sunkuyar da kai ba. Sai ya ƙara ta shida.

"Bulalar fa?"

"Tana cikin kabad, Allah ya gafarta Malam. Shekara shida ban taɓa ta ba."

"Makullin kabad ɗin yana hannun wa?"

"Yana hannuna."

Ya ci gaba da jan tasbaharsa. Can ya ce in koma in yi noma, in dawo bayan an ɗaure gero, in zo masa da dalilin da ya sa har yanzu nake ajiye da ita.